Amaradeva: Ɗan kafintan da ya raba waƙar Sinhala da rigar aro

A farkon shekarar 1972, tsibiran Maldives da ke tekun Indiya suna shirin tarbar Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila. Ƙasar, wadda al'ummarta Musulmi ne, ta sami 'yancin kai daga Birtaniya tun 1965. Tana da tutarta da shugabanta, tana kuma da taken ƙasa wanda Mohamed Jameel Didi ya rubuta baitocinsa a 1948. Amma karin da ake rera taken da shi ba nata ba ne. An aro shi ne daga wata tsohuwar waƙar ban kwana ta mutanen Sikotlan mai suna Auld Lang Syne, wadda Turawa ke rerawa a daren shiga sabuwar shekara. Da an bar lamarin haka, da an tarbi sarauniya da kiɗan ƙasarta a matsayin taken wata ƙasa.

Gwamnatin Maldives ta nemi wanda zai tsara wa taken sabon kari, ta kuma same shi a maƙwabciyarta Silon, wadda a cikin wannan shekarar ce ta sauya suna zuwa Siri Lanka. Wanda aka damƙa wa aikin shi ne W. D. Amaradeva, makaɗin gogen Turawa, mawaƙi, kuma daraktan kiɗan finafinan harshen Sinhala. Karin da ya tsara shi ake rerawa har yau.

Ba a banza aka zaɓe shi ba. A lokacin ya shafe shekaru yana irin wannan aiki a gida. Ya taso ya tarar da waƙoƙin finafinai da na rediyon ƙasarsa suna tafiya a kan karin da aka kwaso daga Indiya, ya kuma ƙare rayuwarsa wajen nema musu nasu. Hanyar da ya bi ita ce abin lura a tarihinsa, domin Indiyar da ake kwaikwaya ita ya je ya zauna ya yi karatu, kafin ya dawo ya koya wa mutanensa yadda za su daina kwaikwayonta.

Gidan kafinta a Moratuwa

Siri Lanka tsibiri ne a kudu maso gabashin Indiya, wanda tsofaffin littattafan Larabawa ke kira Sarandib. Mutanenta sun kai kimanin miliyan 22. Kusan kashi uku cikin huɗu 'yan ƙabilar Sinhala ne, akasarinsu mabiya addinin Buddha, sai Tamil, sai Musulmi waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya cikin goma. Turawan Fotugal da na Holan da na Birtaniya sun mulki sassan tsibirin bi da bi na fiye da shekara 400, kafin ya sami 'yanci ranar 4 ga Fabrairu, 1948.

An haifi Amaradeva ranar 5 ga Disamba, 1927, a unguwar Koralawella ta garin Moratuwa, a bakin teku kudu da Kolombo. Sunan da aka raɗa masa shi ne Wannakuwatta Waduge Don Albert Perera, kuma shi ne autan gidansu. Moratuwa gari ne da ya yi suna da kafintoci, mahaifinsa ma kafinta ne, mai bin addinin Buddha, wanda baya ga aikin katako na yau da kullum yake ƙera gogen Turawa yana kuma gyara waɗanda suka lalace. Mahaifiyarsa Kirista ce 'yar cocin Metodis. Yaron ya tashi yana jin waƙoƙin coci daga bakin uwa, yana jin karatun wurin bautar Buddha daga ɓangaren uba, ga kuma kayan kiɗa a rataye a shagon gida. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya ba shi goge nasa na kansa.

Ya yi karatu a makarantu da dama, ciki har da Kwalejin Sri Sumangala ta Panadura, inda aka san shi da daɗin murya wajen rera baitoci. A tsakiyar shekarun 1940 ya haɗu da Sunil Santha, mawaƙin da tauraronsa ke haskawa a lokacin. Shi ya kai shi wurin Chitrasena, gwanin rawa wanda gidansa a Kolombo ya zama matattarar makaɗa da marubuta da 'yan wasa. Daga nan ƙofa ta buɗe masa.

Zamanin da komai daga ƙetaren teku yake zuwa

Aron kari daga Indiya ya girmi fim a tsibirin. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 ƙungiyoyin wasan daɓe na Farsawan Bombay suke zuwa Kolombo, masu wasan gida kuma suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙinsu suna ɗora kalmomin Sinhala a kai. Da faifan garmaho ya shigo, aka ci gaba a kan wannan turba.

Fim ɗin Sinhala na farko, Kadawunu Poronduwa, ya fito a Janairun 1947, kuma a birnin Madurai na kudancin Indiya aka ɗauke shi, domin tsibirin ba shi da situdiyo. 'Yan wasa kan tsallaka teku su yi watanni a can, masu riƙe kyamara da masu haɗa hoto da mafi yawan makaɗa kuwa Indiyawa ne. Fim na biyu, Asokamala, shi ma a 1947 ya fito. Daraktan kiɗansa wani Musulmi ne mai suna Mohamed Ghouse, wanda ya ji gogen Albert Perera ya ɗauke shi cikin makaɗansa. Saurayin, yana ɗan shekara 19, ya ajiye karatu ya bi Ghouse zuwa Indiya, ya yi kiɗa a fim ɗin, ya kuma rera waƙa. Ke nan a cikin gidan kwaikwayon ya fara koyon sana'ar.

Kwaikwayo kuwa yana kawo kuɗi. A 1953 fim ɗin Sujatha, wanda aka ɗauko labarinsa daga fim ɗin Indiya Bari Behen, ya cika gidajen silima maƙil, ya kuma zama ma'aunin da masu zuba jari ke bi: a samo fim ɗin Hindi ko na Tamil da ya yi kasuwa, a juya shi, a nemo marubuci ya zuba kalmomin Sinhala daidai da gaɓoɓin waƙoƙinsa. Sau da yawa aikin daraktan kiɗa bai wuce ya saurari faifai ya koya wa makaɗa abin da ya ji ba.

Gidan rediyon gwamnati ma ya taimaka. Rediyon Silon, wanda ya fara aiki a 1925, yana da na'urori masu ƙarfi da ke kai sauti har cikin Indiya. A farkon shekarun 1950 ministan watsa labarai na Indiya, B. V. Keskar, ya taƙaita sanya waƙoƙin fim a rediyon ƙasarsa bisa ganin cewa suna ɓata kiɗan asali. Sai sashen kasuwanci na Rediyon Silon ya cike gurbin. Shirin Binaca Geetmala na Ameen Sayani, wanda ya fara a 1952, ya tara miliyoyin masu sauraro a Indiya, kuɗin talla kuma suka riƙa kwarara Kolombo. Tsibirin ya zama babbar tashar da ake watsa waƙoƙin finafinan Indiya daga cikinta, alhali nasa waƙoƙin suna bin bayansu.

Jarrabawar da ta raba abokai biyu

A 1952 hukumar rediyon ta gayyato wani babban masanin kiɗa daga Indiya, S. N. Ratanjankar, shugaban kwalejin kiɗa ta Bhatkhande da ke Lucknow, domin ya jarraba mawaƙanta ya sanya su a matakai. Sunil Santha ya ƙi shiga jarrabawar. Shi kansa a wannan kwaleji ya yi karatu, amma ya dawo da ra'ayin cewa harshen Sinhala yana da nasa amo, kuma bai dace baƙo ya zo ya auna mawaƙan tsibirin da mudun Indiya ba. Hukuma ta rufe masa ƙofa. Mawaƙin da ake ji a kowane gida ya koma ƙananan sana'o'i don ciyar da iyalinsa, ya yi shekaru ba a jin sabuwar waƙarsa a rediyo.

Albert Perera ya bi wata hanyar. Malamin jami'a kuma marubucin wasan kwaikwayo Ediriweera Sarachchandra, wanda ya yi aiki da shi, ya ga cewa baiwar yaron tana bukatar ilimi mai tushe. Shi da editan jaridar Lankadeepa, D. B. Dhanapala, suka buɗe asusun taimako, jama'a suka tara kuɗin da aka tura shi Lucknow da su. Sarachchandra ne kuma ya ba shi sunan Amaradeva, wanda ya samo asali daga harshen Sanskrit. Zamani ne da masu fasaha da yawa ke ajiye sunayen da suka gada daga mulkin Turawa. Perera sunan Fotugal ne, Albert na Ingilishi. Chitrasena da Sunil Santha su ma ba da waɗannan sunaye aka haife su ba.

A Lucknow ya zauna gaban malamai irin su V. G. Jog, ɗaya daga cikin manyan makaɗan goge na Indiya, ya koyi kiɗa da rerawa. Abin da ake koyarwa a can ya sha bamban da waƙoƙin fim. Ilimin raga ne, wato tsarin da ke fayyace waɗanne sautuka za a taka in murya na hawa, waɗanne in tana sauka, a kan wanne za a dakata, da irin yanayin zuciya ko lokacin yini da kowane tsari ya dace da shi. Sai ilimin tala, wato lissafin bugu da zagayowarsa. Ɗalibi kan yi shekaru yana maimaita tsari ɗaya kafin a bar shi ya yi nasa ƙari. A 1955 Amaradeva ya lashe gasar goge ta Indiya baki ɗaya. Ya kammala da shaidar ƙwarewa a goge da kuma rerawa.

Komawa ga manoma da masu amalanke

Silon ɗin da ya dawo ya tarar tana cikin sauyi. A 1956 gwamnatin S. W. R. D. Bandaranaike ta hau mulki ta mayar da Sinhala harshen hukuma. A shekarar ce Sarachchandra ya fito da wasansa Maname, wanda ya gina a kan salon wasan ƙauye. A shekarar ce kuma Lester James Peries ya fito da Rekava, fim ɗin da ya fita daga situdiyo ya shiga ƙauye na gaske, wanda Sunil Santha ya tsara waƙoƙinsa. Ko'ina tambaya ɗaya ake yi: mene ne namu?

Amaradeva ya nemi amsar a bakin talakawa. Mutanen karkarar Sinhala suna da waƙoƙi na kowace sana'a. Akwai ta mai gadin gona, wanda ke kwana a rumfa bisa bishiya yana rerawa don ya kori barci ya kuma kori giwaye da aladun daji. Akwai ta masu amalanken shanu da ke tafiyar dare, da ta masu tuƙa kwalekwale, da ta masu haƙar ma'adinai, da ta mata masu dashen shinkafa da girbi. A wani shirin rediyo mai suna Jana Gayana, wanda ya yi tare da marubuci Madawala Ratnayake, ya bi waɗannan waƙoƙi, ya kuma zauna da gwanayen rawa da ganga na yankin Kandy, irin su Pani Bharata, yana tambaya yana saurare.

Abin da ya gano shi ne yawancin waƙoƙin suna kewaya ne a kan kari guda mai sautuka kaɗan, ana maimaita shi daga baiti zuwa baiti. Hakan ya isa ga mai gadin gona a tsakar dare, amma waƙar rediyo ko ta fim tana bukatar hawa da sauka. Nan ne karatun Lucknow ya yi amfani. Sai ya bar karin gargajiyar a matsayin amshi, ya gina masa wani sashe na biyu wanda ke ɗaga murya ya faɗaɗa ta, sannan ya dawo da ita gida. Ilimin raga ya nuna masa sautukan da za su zauna da karin asali ba tare da sun ɓata shi ba. Bai ɗauko waƙar kowa daga Indiya ba. Ƙa'idar gini ya ɗauko, tubalin kuwa na gida ne.

Ya kuma ba kalma muhimmanci. A tsohon tsari kari ne ke zuwa da farko, marubuci ya yi ta matsa kalmomi su shiga, ko da an ja gajeren wasali ko an datse dogo. Amaradeva ya juya lamarin: a rubuta baiti tukuna, kari ya bi nauyin gaɓoɓinsa da ma'anarsa. Wannan ya jawo manyan marubuta zuwa waƙar rediyo, irin su Chandraratne Manawasinghe da Mahagama Sekara. Abotarsa da Sekara, wanda ya rasu a 1976, ta haifar da waƙoƙin da har yau ake ɗauka a matsayin ma'auni. Irin wannan waƙa, wadda ta tsaya tsakanin kiɗan masana da na kasuwa, ita mutanen Sinhala ke kira sarala gee. Ya kuma tsara kiɗan wasannin rawa na Chitrasena, ciki har da Karadiya na 1961, wanda ke ba da labarin rayuwar masunta.

Fim mai launi da fim marar waƙa

A 1962 aka fito da Ranmuthu Duwa, cikakken fim ɗin Sinhala na farko mai launi, labarin neman dukiya a ƙarƙashin teku. Mike Wilson ne ya ba da umarni, kuma cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa har da marubucin Birtaniya Arthur C. Clarke, wanda ya koma tsibirin da zama. Fim ne na kasuwa, mai faɗa da soyayya, irin wanda a da za a cika shi da karin aro. Amaradeva ya tsara masa waƙoƙi sababbi fil, jama'a suka karɓe su, fim ɗin ya yi kasuwa. Wata matashiya mai suna Nanda Malini, wadda ta rera waƙa a cikinsa, ta zama daga baya babbar mawaƙiyar ƙasar. Da aka fara bikin kyaututtukan fim na Sarasaviya a 1964, Amaradeva ne ya karɓi ta daraktan kiɗa. Masu zuba jari sun ga cewa waƙar gida ma tana sayar da tikiti.

Shekara guda bayan Ranmuthu Duwa, Lester James Peries ya kira shi aikin Gamperaliya, wanda aka ɗauko daga littafin Martin Wickramasinghe na 1944. Labarin wani gidan masu sarauta ne a ƙauyen kudu, wanda arzikinsa ke zagwanyewa amma girman kansa na nan. Sun hana wani matashin malami mai suna Piyal auren 'yarsu Nanda saboda asalinsa, suka ba da ita ga wanda suke ganin sa'ansu ne. Mijin ya mutu a talauce, Piyal kuwa ya yi arziki a Kolombo ya dawo ya aure ta.

Peries ya yanke shawarar cewa ba za a yi waƙa ko ɗaya a fim ɗin ba. A lokacin da mai kallo ke auna fim da yawan waƙoƙinsa, wannan kasada ce babba. Amaradeva, wanda muryarsa kaɗai ta isa ta jawo 'yan kallo, ya amince ya koma baya ya tsara kiɗan da ke rakiyar hoto kawai. Aiki ne na daban: a san inda kiɗa zai shigo ya faɗi abin da 'yan wasa suka haɗiye, a san kuma inda shiru ya fi. A 1965 Gamperaliya ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na duniya da aka yi a New Delhi. Ƙasar da aka shekara 18 ana kwaikwayon finafinanta ita ta miƙa wa fim ɗin Sinhala kambu. Amaradeva ya ci gaba da aiki da Peries a Delovak Athara na 1966 da Ran Salu na 1967.

Inda hukuma ta sa hannu

Fasahar mutum ɗaya ba ta isa ta sauya kasuwa ba. A 1971 majalisa ta kafa hukumar finafinai ta ƙasa, wadda ta karɓe rarraba finafinai daga hannun manyan kamfanoni, ta taƙaita shigo da na waje, ta ware wa na gida lokaci a silima, ta kuma sa ido kan satar labari da kari. Yawan tikitin da ake sayarwa a shekara ya tashi daga kimanin miliyan 30 a 1971 zuwa sama da miliyan 74 a 1979, kafin zuwan talabijin da buɗe kasuwa da yaƙi su durƙusar da harkar. Gidan rediyon gwamnati kuma ya fifita waƙoƙi irin na Amaradeva, makarantu suka koyar da kiɗa a kan tsarin da ya yi karatu a kai.

Wannan tagomashi ya zo da ƙorafi. Masu ra'ayin Sunil Santha sun ce an dai sauya aro ne da aro, an bar na 'yan fim an koma na malaman Lucknow. Premasiri Khemadasa, wanda ya yi wa Peries kiɗan Golu Hadawatha da Nidhanaya, ya bi tasa hanyar, ya haɗa karin gargajiya da tsarin manyan ƙungiyoyin makaɗa na Turai. Masu kiɗan baila, wanda ya samo tushe daga zamanin Fotugal kuma yake da ƙarfi a Moratuwa, garin Amaradeva, sun daɗe suna jin ana yi musu kallon 'yan bayan fage. Ga kuma H. R. Jothipala, mawaƙin fim da masana suka riƙa suka saboda yawan rera karin Indiya, wanda duk da haka babu wanda ya kai shi farin jini a wajen direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikata. Da ya rasu a 1987, taron da ya raka gawarsa ya nuna cewa abin da hukuma ta zaɓa da abin da titi ke so ba kullum suke haɗuwa ba.

Akwai kuma wani farashi mafi tsada. Guguwar 1956 da ta ɗaga fasahar Sinhala ita ce ta mayar da Tamil saniyar ware a aikin gwamnati da makarantu, rikicin da ya kai ga yaƙin basasa daga 1983 zuwa 2009. Alhali waɗanda suka kafa harkar fim da kiɗan Sinhala da yawansu ba 'yan Sinhala ba ne. Daraktocin kiɗa R. Muttusamy da M. K. Rocksamy Tamil ne. Mohamed Ghouse da mawaƙi Mohideen Baig Musulmi ne. A tarzomar Yulin 1983 aka ƙone situdiyon Vijaya na K. Gunaratnam, mutumin da ya shirya Sujatha, finafinan Sinhala masu yawa suka tafi a gobarar. Rayuwar Amaradeva ta saɓa wa wannan tsukakken tunani. Ubansa mabiyin Buddha ne, uwarsa Kirista, ubangidansa na farko Musulmi, malaminsa na goge a Lucknow ɗan Hindu, kuma daga hannun dukkansu ya tattara abin da ya zama muryar Sinhala.

Labarin da kunnen Bahaushe ya sani

Wanda ya taso a Kano ko Kaduna ko Jos ba baƙo ba ne ga rabin farko na wannan labari. Gidajen silima na Arewa sun shafe shekaru masu yawa suna nuna finafinan Indiya, kuma da finafinan Hausa na bidiyo suka bunƙasa daga shekarun 1990, rawa da waƙa irin na Indiya suka shigo da su, sau da yawa har da karin kansa, an buga shi a fiyano an ɗora kalmomin Hausa. Muhawarar da ta biyo baya ta yi kama da ta Kolombo: masana na cewa kayan aro ba ya rufe katara, 'yan kasuwa na cewa abin da jama'a ke saye ke nan.

Ƙasar Hausa ma ta taɓa bin hanya irin ta Amaradeva. Malaman da suka rubuta waƙoƙin Hausa da ajami sun koyi ilimin aruli daga Larabci, suka auna baitocinsu da shi, abin da ya fito kuwa waƙar Hausa ce tsantsa. Waƙoƙin niƙa da na daɓe da na noma da na reno suna nan a bakin tsofaffi, kamar yadda na masu gadin gona suke a Silon lokacin da Amaradeva ya je nemansu. Abin da ya ƙara a kan kishin gida shi ne shekarun da ya yi yana karatun kiɗa, da jaridar da ta tara masa kuɗi, da gidan rediyon gwamnati da ya ba shi fili ya yi gwaji.

Kwanakin ƙarshe

Amaradeva ya auri Wimala, mawaƙiyar gargajiya, a farkon shekarun 1960, kuma ta kasance abokiyar aikinsa har ƙarshe. Ya ci gaba da rerawa da koyarwa har cikin tsufa, manyan mawaƙan ƙasar da dama sun ratsa ta hannunsa. Siri Lanka ta ba shi lambar Deshamanya a 1998. A 2001 ya karɓi kyautar Ramon Magsaysay ta ƙasar Filifin, a 2002 Indiya ta ba shi Padma Shri, a 2003 kuma Faransa ta karrama shi da lambarta ta fasaha da adabi. A 2008 aka nuna Gamperaliya, bayan an gyara kwafinsa, a sashen tsofaffin finafinai na bikin Cannes.

Ya rasu ranar 3 ga Nuwamba, 2016, a wani asibiti kusa da Kolombo, saura wata guda ya cika shekara 89. Gwamnati ta ayyana zaman makoki, aka yi masa jana'izar ƙasa a Dandalin 'Yanci, shugaban ƙasa Maithripala Sirisena da firaminista Ranil Wickremesinghe suka halarta, dubban mutane suka yi layi don yi masa ban kwana. A shekarar da ta biyo aka ba shi Sri Lankabhimanya, lambar girma mafi daraja a ƙasar.

Har yanzu gidajen rediyon Sinhala suna sanya waƙoƙinsa, matasan mawaƙa kuma suna gwada muryarsu da su a gasa. A Maldives kuwa, duk ranar 26 ga Yuli, idan aka ɗaga tuta don bikin 'yancin kai, jama'a kan miƙe su rera takensu da karin da ɗan kafintan Moratuwa ya tsara musu.